Ƙwallon Inabi da Ƙafar Gwaggo Jima

Assalamu alaikum masu bibiyata. Yau ku yi haƙuri, ba zan tsaya jero gaisuwa ba, raina a ɓace yake. Waɗanda suka dame ni da tambayar launin ankon biki, ku dakata da ɗinki tukuna. Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Bushira, 'yar Buza, shekarata ashirin da huɗu. Na gama karatun aikin labo a Tawa, wato mu ne masu duba jini da ƙwayoyin cuta a bayan likita. Saura kwana goma sha biyu a ɗaura min aure da Lurwanu, mutumin da na zaɓa da kaina. Ku riƙe wannan da kyau, kada wata ta zo min da "Allah sarki". Babu wanda ya tura ni, da idona biyu na shiga.

Kafin a ba ka difloma a makarantarmu sai ka yi bincike ka rubuta, mamuwar muke ce masa. Ni malaminmu ya ba ni tambaya ɗaya: shin ruwan da aka tatso daga ƙwallon inabi yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa? Ranar 'yan ajinmu har da riƙe ciki don dariya. Wai 'yar Adar, ƙasar albasa, da inabi, ina laifin a ba ni albasa.

Ta nan Lurwanu ya shigo rayuwata. Kayan marmari yake saro wa daga Ƙonni da Agadas a wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, yana rarraba wa masu tebur daga Madawa har Keita. Na je wurinsa neman inabi, ya dube ni tun daga takalmi har ɗankwali, ya ce in dawo jibi. Da na dawo ya miƙo min kwali na inabi mai tsada, jajaye masu sheƙi, yana wani gyara hula. Na fasa ɗaya, babu ƙwallo. Na fasa na biyu, babu. Ashe irin na masu hali ya kawo min, wanda ba a tofar da komai. Na ce masa ni ƙwallon nake so, inabin ya ba wa wanda ya ga dama. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin macen da ake ba nama ta ce ƙashi take so ba. Sati bai cika ba ya kawo min ƙwallaye cike da gwangwanin madara, wankakku, shanyayyu. Shi da masu teburinsa suka zauna suka ci inabin Agadas har cikinsu ya ɓaci, suna tara min. To ku gaya min, wace ce ba za ta so shi ba?

Wata uku na yi a kan aikin. Na daka ƙwallon, na jiƙa garin a sinadarin alkol na labo, na tace, na bar shi ya kafe. Muna da wasu ƙananan farantai masu murfi da muke shuka ƙwayoyin cuta a ciki. Sai in ɗiga ruwan a kan 'yar takarda mai faɗin ƙwayar wake, in ajiye a tsakiyar farantin, in rufe, in jira kwana ɗaya. Ranar da na buɗe na ga da'ira fes kewaye da takardar, ƙwayoyin sun cika ko'ina amma sun kasa matsowa kusa da ita, sai da na zauna a ƙasa. A kan irin ƙwayar da ke sa ƙurji ya yi mugunya da'irar ta fito sosai. A kan wata irin kuwa da ƙyar ake ganinta. Na zana alama da alƙalami a bayan farantin, na auna, na ɗauki hoto, na tura wa Lurwanu tun kafin in nuna wa malamina.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo hira gidanmu bayan la'asar. Na fito cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da zane, da farin mayafi, na sa turaren da ya kawo min daga Ƙonni. Muka zauna a kan tabarma gindin bedin ƙofar gida. Ya ajiye wayarsa a tsakaninmu, ya danna, jan ɗigo ya fara ƙyaftawa.

"Mi ka ka yi?" na tambaye shi.

"Muryakki ni ka ɗauka. Hanyar Agadas da nisa, in na gaji in saurare ki. Hwaɗa min abin ga da kinka gani."

Na yi ta zuba kamar rediyo. Na ce, "Ni Bushira da hannuna na gwada, ƙwallon inabi yana kashe ƙwayoyin cuta masu sa ƙurji mugunya, da idona na gani." Ban tsaya nan ba, Allah ne shaidata. Na ci gaba na ce, "Amma a faranti ne kawai, ba a jikin mutum ba. Faranti daban, rauni daban. Kafin ya zama magani sai an yi shekaru ana bincike, wataƙila ma ba zai zama ba. Mai ciwo ya tafi likita." Yana ta murmushi yana kaɗa kai, ni kuwa ina jin kaina a sama, na samu namiji mai sauraron karatuna.

Shekaran jiya ranar kasuwar Buza ce. Muka shiga da Inna sayen sauran kayan ɗaki, tana gaba da lemarta, ina biye da ita ɗauke da tasoshi a buhu. Mun zo layin masu yaji ke nan sai na ji wata mace tana magana da ƙarfi ta cikin bafil, wato lasifika irin wanda masu talla ke ɗaurawa a kan amalanke. Muryar ta yi min kama da wadda na sani. Na yi taku uku kafin in gane tawa ce.

"Ni Bushira da hannuna na gwada, ƙwallon inabi yana kashe ƙwayoyin cuta masu sa ƙurji mugunya, da idona na gani."

Sai kiɗa ya ɗan taso, sai ta sake daga farko. Na tsaya ina jiran "amma". Ta maimaita sau uku, babu "amma". Buhun ya zame daga hannuna, tasoshi suka watse a ƙasa.

Motar Lurwanu ce a tsaye, bafil a kan rufinta. Gefen lemo da ayaba an jera ƙananan kwalabe masu jan murfi, kowace da farar takarda a manne. Hoton farantina ne a jiki, da'irar da na auna da hannuna, a ƙasa an rubuta Maganin Dokta Bushira. Ni da ko takardar fara aiki ban karɓa ba, an naɗa ni dokta a tsakanin ayaba da kankana. Mata sun yi cincirindo, wata na cewa a ba ta biyu, ɗaya na kaciyar ɗanta.

Inna ta dafa kafaɗata, fuskarta fal farin ciki. "Kin ji ki? Sati uku ke nan. Cewa yay yi kar a hwaɗa miki, shina son ki gani da kanki."

Ashe kowa ya sani. Ni kaɗai ce ina Tawa ina ta gyaran mamuwar, ban san muryata ta riga ni zagaya kasuwanni ba.

Ban yi masa magana a gaban mutane ba, tarbiyya ta hana. Kallo ɗaya na yi masa, murmushin da ya taho da shi ya tsaya a hanya. Ina isa gida na shige ɗaki, na ture akwatunan lefe da suka cika min gado, na buɗe waya.

Na rubuta: "Ina sauran maganata?"

Ya amso nan take: "Wace?"

"Inda na ce amma."

"Haba Bushira. Ta yi tsawo. Mutanen kasuwa ba su tsayawa jin amma. Na yanke inda ya fi daɗi."

"Me ke cikin kwalbar?"

"Ƙwallon inabi na gaske wallahi, ban haɗa da komi ba sai man kaɗe. A turmin gidanmu anka daka. Ke kinka ce shina kashe su. Na ga hoto."

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, 'yan uwa. Da ɗan damfara ne da na san inda zan ajiye shi. Lurwanu ya yarda da abin har zuciyarsa. A ganinsa ɗaukaka ni ya yi. Turmin da ake daka yaji da daddawa, hannun da ya gama ƙirga lemo, man da ya kwana buɗe a kasuwa, duk ya tattara ya sa sunana a kai, yana jiran in ce na gode.

Ina cikin rubuta masa abin da ba zan iya maimaitawa a nan ba, sai wani saƙon ya shigo: "Ko Gwaggo Jima na kai ma uku kyauta. Ta ce ƙahwatta ta yi sauƙi."

Gwaggo Jima ƙanwar Babana ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta ɗauke ni yaye, ban dawo gidanmu ba sai da na shekara goma sha biyu. Ita ce ta riƙe hannuna ta kai ni lakkwal, makarantar boko, ranar da Baba ya ce a bari sai baɗi. Tana da ciwon suga. Wata biyu da suka wuce ƙaya ta soke ta a garkar albasa, wurin ya ƙi warkewa, aka sa ta zuwa wankin rauni duk bayan kwana biyu a ƙaramar likitar ƙauyensu, can gefen Karofane. Ni da kaina na roƙi majo, babban ma'aikacin wurin, ya sa mata ido.

Na kira majo. Ya ce rabonsa da ita sati uku, ya aika an ce ta warke.

Jiya da sassafe na hau babur ɗin kabu-kabu, ko karyawa ban yi ba. Hijabin sallah ne a jikina da silifas, jakar safar hannu da auduga a cinyata. Duk duwatsun hanyar nan ban ji su ba. Na same ta a ɗakinta, kan gadon ƙarfenta mai rumfa, ta sha ɗaurin ɗankwali kamar mai jiran baƙi, kwanonin jerenta na ta ƙyalli. Ta kunna turaren wuta har biyu. Turaren bai rufe warin ba, tun daga bakin ƙofa na ji shi, kuma na san irinsa.

"Dokta ta zaka," ta ce tana dariya. "Amarya da kanta."

"Gwaggo, buɗe min ƙahwar."

"Ta yi sauƙi. Zamna ki sha hura."

Na durƙusa na janye zanen da kaina. Ta naɗe ƙafar da tsumman atamfa, na warware a hankali. Ba zan kwatanta muku duka ba. Yatsu biyu sun yi baƙi, tafin ya kumbura yana sheƙi, an cusa man nan mai gari-gari har cikin ramin. Ja ya haura sama da idon sawu. Na taɓa goshinta, zafi rau.

"Tashi mu tahi Madawa yanzu."

"Ba ni zuwa."

"Gwaggo, abin ga ba magani ba na. Ni ban ce a sa ma rauni ba."

"Da kunnena na ji ki." Ta jawo 'yar wayarta daga ƙarƙashin matashi, an tura mata muryar a ciki, ta danna. Na sake jin kaina ina rantsuwa da idona. Ta saurara har ƙarshe tana lumshe ido. "Kullum sai na saurara. Duk matan garin ga sun zaka sun ji. Na ce musu ɗiyata ta, ni na kai ta lakkwal."

"To ga ni gabanki, ni ɗin dai, ina ce miki ba ya yi."

Ta mayar da idonta kan bango. Da ta buɗe baki muryarta ta sauka ƙasa. "Kin ɗauka ban sani ba? Ƙahwata ta, tun sati na biyu na san ba ya yi. Amma in anka ɗauke ni cikin mato gaban mutane, mi za a ce? A ce maganin Bushira ko gwaggonta bai warkar ba. Ga biki ya matso. Ki bari a ɗaura, ki shiga ɗakinki da mutuncinki, sannan ku kai ni duk inda ku ka so."

Kwana goma sha uku take so ta ƙara da wannan ƙafar, don kada a yi da ni a bakin rijiya. Na fita tsakar gida, na tsaya gindin rumbu ina kuka, kukan haushi ba na tausayi ba. Haushin Lurwanu, haushin Inna, haushin bakina da ya kasa yin shiru ranar Juma'ar nan, har da haushin ita Gwaggon da ta ɗauki sunana ta fifita shi a kan ƙafarta.

Na kira Lurwanu. Na ce ya kawo mota yanzu, kuma ranar kasuwa mai zuwa ya sa cikakkiyar maganata a bafil ɗinsa, da "amma" da komai, ya karɓe kwalaben da ya raba.

"Mota ina tahe da ita," ya ce. "Amma zancen bafil ki yi haƙuri har bayan biki. In na sa yanzu na zama maƙaryaci tun daga Madawa har Keita. Wa za ya sake sayen ko lemo hannuna? A daina saidawa shiru, shi ke nan."

"Waɗanda sunka riga sunka saya hwa? Na ji wata za ta sa ma kaciyar ɗanta."

"Allah shi kiyaye."

Ban daɗe da kashewa ba sai ga kiran Inna, ya riga ya kai mata ƙarata. Ta ce in rufa musu asiri, an raba goro, dangin Baba na Abijan sun riga sun kamo hanya. Ta ce yaron nan don so ya yi, wace mace ce ba ta son miji mai alfahari da ita. Ta ce a lallaɓa Gwaggo a kai ta a ce zazzaɓi ne. Na ce Inna, ba za ta yarda ba, ta ce mutane za su gane. Inna ta ce to in jira. Kowa jira yake ce min, kamar ƙafar ma za ta zauna ta jira a gama rabon goro.

Nan na gane abu ɗaya. Muddin akwai sunan da Gwaggo za ta kare, ba za ta tashi daga gadon nan ba. To sai in kawar mata da shi.

Na koma ɗakin, na zauna a bakin gadonta don ta ji da kunnenta. Na danna wayata, jan ɗigo ya fito.

"Ni ce Bushira ta Buza, wadda ku ka ji cikin bafil. Muryata ta, amma an yanke maganata. Ni ba dokta ba ta. A faranti na gwada, ban taɓa gwadawa jikin mutum ba. Abin da ke cikin kwalbar ga ba magani ba na, kar wanda ya sa ma rauni ko kaciya ko cibiyar jinjiri. Gwaggona da ta rene ni ta sa, ga ta nan ƙahwatta na ruɓewa. Wanda ya sa shi tahi likita yau. Laihina na da ban iya bakina ba, ku yahe min."

Gwaggo ta kai hannu za ta ƙwace wayar, ƙarfinta bai kai ba. Na tura wa zauren matan Buza, da na 'yan Karofane mazauna waje, da na 'yan ajinmu, da na kwamitin bikina. Ban ambaci sunan Lurwanu ba, amma wa bai san motar wa ke ɗauke da bafil ba? Kafin in ɗaure bakin jakata wayar ta fara zafi. Wata ta rubuto Allah ya saka min. Wata ta ce dama ta san boko ba ya kai mace ko'ina. Ƙanwar Lurwanu ta fice daga zauren biki ba sallama, yayyensa biyu suka bi ta. Baba ya kira sau huɗu, ban ɗauka ba.

"Kin kashe kanki," Gwaggo ta ce, hawaye na bin kuncinta.

"Na gama. Yanzu babu abin da ki ka ɓoyo. Ina mayahinki?"

Ba ta sake musu ba. Lurwanu ya iso wajen azahar, ya riga ya ji saƙon, idonsa ja. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Shi ya ɗauke ta kamar jaririya ya kwantar a kan katifa a bayan motar, a inda kwalaben suke shekaran jiya. Matan ƙauyen suka fito ƙofar gidajensu suna kallo, Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka kama hanyar babbar likitar Madawa. Da muka sauke ta ya tsaya jikin mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baffannina za su zo wurin Baba gobe." Ban tambaye shi abin da zai kawo su ba.

Yanzu da nake rubuta muku, la'asar ta wuce, ina zaune a kan benci kusa da gadonta. An wanke raunin, an sa mata ruwa da allurai. Yatsun biyu likita ya ce babu zancensu, sun tafi. Sauran ƙafar ce ake ƙoƙarin ceto. Ya ciro alƙalami daga aljihunsa ya zana layi a ƙwaurinta, daidai inda jan ya tsaya, irin alamar da nake yi a bayan farantina. Ya ce in jan ya tsaya a ƙasan layin zuwa gobe, za a ceci ƙafar. In ya tsallake, za su yanke daga gwiwa.

Ɗazu ta farka, ta yafito ni da hannu. Ta daɗe tana kwance ƙullin bakin zanenta, ta ciro kwalba ɗaya mai jan murfi, ta cusa min a tafin hannu. Na yunƙura zan jefa ta a kwandon shara, ta riƙe min wuyan hannu.

"Zubda na cikin, ki wanke min kwalbar," ta ce. "Kar ki ɓata takardar. Ban iya karatu ba, amma an nuna min inda sunanki yake."

Na wanke ta, ga ta nan a cinyata. Wayata na ta haske da sunan Lurwanu, ban buɗe ba. Idona na kan layin nan, tsakaninsa da jan bai fi faɗin yatsana ɗaya ba.